FASHIN BAƘI: A gyara ta ko a rabu da ita? Lissafin da ke gaban masu tsofaffin motocin haya a Bungudu

Garin Bungudu yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Talata Mafara da Sakkwato, tazarar kusan kilomita 20 daga babban birnin Jihar Zamfara. Wani yanki na ƙaramar hukumar kuma, wato Kwatarkwashi, yana ɗaya gefen Gusau, a kan hanyar Tsafe da Funtuwa. Buhun masarar da zai je kasuwar Nahuce, da takin da zai shiga ƙauye, da mai naƙudar da za a garzaya da ita asibiti a Gusau, duk a kan waɗannan hanyoyi biyu suke bi, kuma a cikin motocin da da yawansu sun girmi masu tuƙa su. Tun farkon shekarun 1990 aka daina ƙera Peugeot J5 a Turai. Golf 3 ta fito a 1991, Sharan da direbobi ke kira Sharon ta fito a 1995. Hatta Toyota Hiace da ake wa laƙabi da Homa, wadda ake ɗauka sabuwar yayi a tasha, samfurinta na 2004 ne.

Duk mai irin wannan mota yakan kai ranar da bakanike zai ɗago kai daga cikin inji ya faɗa masa kuɗin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Daga nan tambaya ɗaya ce: a zuba kuɗin a gyara, ko a sayar a nemi wata? A da, amsar ba ta da wuya sosai. Idan kuɗin gyara ya doshi rabin darajar motar, sai a kai ta wurin dillalai a cika kuɗi a ɗauko wata. Wannan ma'auni ya daina aiki tun 2023, kuma dalilan da suka kashe shi ba a gareji aka ƙulla su ba, a Abuja ne.

Abin da ya toshe ƙofar sauyi

Kusan duk motar haya da ke Zamfara daga waje ta shigo, kuma ta hannu ce, wadda ake kira tokumbo ko ’yar Beljiyam. Da dala ake sayo ta. A ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya saki naira ta nemi farashinta. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Idan aka ɗauki misalin motar da ake sayarwa dala 8,000 a can inda aka ɗauko ta, kuɗinta a tsohon canji naira miliyan 3.68 ne, a sabon canji kuwa naira miliyan 12. Motar ba ta canza ba, ko fenti ba a sake mata ba.

Wannan kuɗin saye ne kawai. Hukumar Kwastan tana lissafa kuɗin fito ne da farashin dala na hukuma, saboda haka duk faɗuwar naira sau biyu take dukan mai saye: a wurin saye, da kuma a bakin tashar ruwa. A farkon 2022 hukumar ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar jikinta, abin da ya sa masu fiton kaya a Legas suka yi yajin aiki saboda tashin kuɗin. Dokar shigo da kaya kuma ta haramta motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, alhali irin waɗannan ne talaka ke iya saye. Gaskiya ne Dokar Kuɗi ta 2020 ta rage harajin motocin ɗaukar jama’a da na ɗaukar kaya daga kashi 35 zuwa kashi 10 cikin ɗari, amma faɗuwar naira ta haɗiye wannan sauƙin ba tare da ya iso tashar Bungudu ba.

Akwai kuma tsohuwar hanyar da Arewa maso Yamma ta saba da ita: mota ta sauka a Kwatano, ta bi ta Jamhuriyar Nijar, ta shigo ta Illela ko Jibiya. Gwamnatin Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, ta rufe iyakokin a watan Agustan 2019, sannan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Fasa-ƙwauri bai tsaya ba, sai dai ya yi tsada, kuma motar da ta shigo ta bayan fage tana tafe ne da barazanar kamun Kwastan a duk shingen da ta tarar.

Wanda ya ce zai ci bashi ya cike gurbin, shi ma ga abin da ke jiransa. Babban Banki ya ɗaga ma’aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 a tsakiyar 2023 zuwa kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Bashin naira miliyan 10 a kan ruwa kashi 30 yana nufin naira miliyan 3 a shekara, wato naira 250,000 a wata. Idan motar tana aiki kwana 26 a wata, sai ta fitar da kusan naira 9,600 kullum domin ruwa kaɗai, kafin a taɓa uwar kuɗin, kafin mai, kafin abincin gida. Mutane da yawa a Zamfara ma ba za su kusanci bashin ruwa ba saboda addini. Bankunan da ba sa mu’amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna saye su sayar wa mutum da riba sananniya a biya kaɗan-kaɗan, amma su ma suna neman kafin-alƙalami da mai tsayawa da shaidar shigar kuɗi ta asusu. Direban da cinikinsa duka tsabar kuɗi ne a aljihun riga ba shi da takardar da zai nuna.

Abin da tsohuwa ke ci a ɓoye

Ganin haka, sai a ɗauka gyara ne mafita ko da yaushe. Ba haka ba ne, domin tsohuwar mota tana da kuɗaɗen da ba sa fitowa a takardar bakanike.

Na farko shi ne mai. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500 cikin kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, ta haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024 kafin ta ɗan sauko. A ɗauki misalin mota mai yin kilomita 200 a rana. Idan injinta lafiyayye ne tana cin lita ɗaya a kilomita 8, za ta sha lita 25. Idan ringi ya cinye, fulogi sun gaji, ta koma kilomita 6 a lita, za ta sha kusan lita 33. Bambancin lita 8 ne. A farashin naira 190, asarar wata ba ta kai naira 40,000 ba, ana iya kawar da kai. A farashin naira 900 kuwa, asarar ta zama naira 7,200 a rana, fiye da naira 187,000 a wata. Wannan ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau biyu da rabi da ’yan kai, kuma ta salansa yake fita.

Na biyu shi ne kwanakin zama. Mai mota yakan riƙe lissafin abin da ya biya a gareji, amma da wuya ya rubuta balas ɗin da bai shigo ba a kwana huɗun da aka yi ana jiran kayan gyara daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A kwanakin nan direba da yaron mota ba su samu komai ba, ɗan kasuwar da ya saba ba shi lodi ya koma wurin wani, wataƙila ba zai dawo ba. Motar da ke kwana shida a gareji kowane wata ta riga ta zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinta, ko da kowane gyara na ’yan dubbai ne.

Na uku kuwa, shi ne wanda ya raba lissafin Zamfara da na Kano ko Legas. A wasu wurare, mutuwar mota a hanya ɓata lokaci ne da kuɗin janwe. A tsakanin Tsafe da Yankara, inda sunaye irin su Kucheri da Magazu da Wanzamai suka sha fitowa a labaran tare hanya da sace matafiya, mutuwar mota magana ce ta rai. Direbobi sun san lokutan da ake wucewa da lokutan da ba a wucewa, kuma lagireton da ya tafasa ya cinye awa biyu yana iya tura mota daga na farko zuwa na biyu. A watan Afrilun 2024 gwamnatin jihar ta hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe a kan iyakokinta da Katsina da Sakkwato. Ko ba doka, tsoro ya riga ya rage sa’o’in aiki. Sa’o’in da suka rage ba su da rarar da za a ɓata ana tura mota. Kuɗin fansar fasinja ɗaya yana iya fin kuɗin injin da aka ƙi saye, kuma ba mai motar ne kaɗai zai biya shi ba.

Inda ya kamata a fara dubawa

Yawancin masu mota inji suke fara saurara, domin shi ne mai ƙara. Amma inji shi ne abin da ya fi sauƙin maye gurbi. Abin da ke yanke hukunci shi ne ƙashin bayan motar, wato casis da ƙasan bodi. Motar da ta shekara ashirin tana ɗaukar lodi fiye da kima a hanyoyin ƙauye takan tsage a inda sifirin ke kamawa da kuma kusa da mazaunin inji. Ana yin walda, ta riƙe wata uku, ta sake tsagewa a gefen waldar, saboda ƙarfen ya gaji kuma zafin waldar ya ƙara raunana shi. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: ƙofa ta daina rufuwa daidai, taya tana cinyewa ta gefe ɗaya ko an saita ta, mota tana tafiya a karkace kamar kare mai gudu. Idan an kai nan, sabon inji kamar ɗaura sirdin azurfa ne a kan doki mai karyayyen baya. Wannan motar ta gama aikinta, sauran ƙimarta tana cikin sassanta.

Idan casis lafiya lau ne, to hukunci ya karkata ga gyara, kuma a farashin yau karkatar mai ƙarfi ce. Sai dai gyara iri biyu ne. Akwai na lallaɓawa: a zuba ringi yau, a canza gasket wata mai zuwa, a ƙara baƙin mai kowace safiya, a ɗaure abin da ya saki da waya. Akwai kuma na gaske, wanda za a tsayar da motar sau ɗaya a yi mata komai. Na farko ya fi daɗin biya domin kaɗan-kaɗan yake fita, amma idan aka tara shi a shekara sau da yawa ya fi na biyu, ga kuɗin aikin buɗe inji da ake maimaitawa, ga kwanakin zama. Araha dai ba ta ado.

Injin da ke fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana ƙona baƙin mai ne, alamar ringi ko silinda sun cinye. Farin hayaƙi mai kauri da ruwan lagireto da ke raguwa ba tare da yoyo ba suna nuna gasket ya ƙone ko kan inji ya tsage. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji ita ce mafi muni. Akwai na’urar auna matsin silinda wadda ke faɗin gaskiyar inji cikin ’yan mintuna, kuma mai mota yana da haƙƙin ya nemi a gwada kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Daga sakamakon ne za a san ko gyaran injin zai wadatar, ko sai an sayo na Beljiyam. Shi ma na Beljiyam ɗin caca ce idan ba a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji da mai sayarwa ba, domin ba duk injin da aka wanke da fetur ya yi ƙyalli ne ya tsallako teku ba. Wani daga garejin unguwar gaba ya fito.

Sai abin da ba a sa shi cikin ciniki ko kaɗan: birki, sitiyari da taya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma tana ba da shawarar a daina amfani da ita bayan shekara huɗu da ƙerawa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da aka rubuta wa 2318 an yi ta ne a mako na 23 na 2018. Tayoyin gwanjo da yawa suna da zane mai kyau a sama, amma shekarunsu sun wuce, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta yi musu uzuri.

Akwai wata magana da ke hana mutane da yawa rabuwa da motar da ta ƙare: an riga an kashe mata kuɗi masu yawa, ba za a bari su tafi a banza ba. Kuɗin da aka kashe bara sun tafi, ko an riƙe motar ko an sayar. Abin da lissafi zai duba shi ne wata goma sha biyu masu zuwa: nawa za ta ci, kwana nawa za ta yi aiki, nawa za ta kawo. Littafi ɗan naira ɗari biyu da ake rubuta mai da gyara da kwanakin zama a cikinsa na wata uku ya fi shawarar dillali da ta bakanike, domin su biyun kowa yana da abin da zai samu daga amsar.

Sabuwar ma tsohuwa ce

Kalmar sauyi tana ruɗi, domin wanda ya sayar da J5 ba sabuwa fil zai ɗauko ba. Zai bar tsohuwar da ya san ciwonta ne ya karɓi tsohuwar da bai sani ba. Wani rahoto na Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Daga cikinsu akwai waɗanda suka kasa cika sharuɗan hawa hanya a ƙasashensu, da waɗanda kamfanonin inshora suka sayar bayan haɗari ko ambaliya. Motar da ruwa ya taɓa shanyewa takan zo da tsafta, sai bayan watanni wayoyinta su fara ciwon da ba ya jin magani.

Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 tana ba da damar binciken tarihin motocin da suka fito daga Amurka ta intanet, kuma matashin da ke da waya zai iya yi wa mahaifinsa wannan aikin kafin a biya la’ada. Haka nan takardun Kwastan: a tabbatar da su a ofishin hukumar, kada a tsaya ga kwafin da dillali ya miƙo. Wani abin lura shi ne kayan gyara. Motar zamani mai kwamfuta tana shan mai kaɗan, amma idan babu mai na’urar duba ta sai a Gusau ko Kano, kowace ƙaramar matsala ta zama tafiya. Farin jinin Hiace da Golf a tashoshin Arewa ba daga kyau ya zo ba. Ko’ina aka tsaya akwai wanda ya san cikinsu.

Tsakanin gyara da sauyi akwai hanya ta uku da ake yawan mantawa, wato canza wa motar aiki. Wadda ba a amince ta bi hanyar Funtuwa ba tana iya shekara biyu tana jigila tsakanin Bungudu da Gusau, inda gareji ke kusa kuma hanya ke da jama’a. Wasu kuma sukan sauka zuwa ƙaramar ƙurƙura ko Keke Napep, ciniki ya ragu amma mai da gyara su ragu fiye da shi.

Alkawarin gas da sauran alkawura

Amsar Gwamnatin Tarayya ga tsadar fetur ita ce iskar gas ta CNG. An kafa shirin shugaban ƙasa kan haka a 2023, aka kuma yi alkawarin juya motocin haya kyauta. A inda akwai gidajen sayar da gas ɗin, sauƙin gaskiya ne. Amma tukunya ba ta da amfani sai da wurin cika ta, kuma bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, bai ratsa Zamfara ba. Duk gas ɗin da zai zo Gusau sai an ɗauko shi a mota. Ban da haka, gas ba ya warkar da injin da ya gaji, kuma tukunyar tana da nauyi tana cin wurin kaya. Fashewar da ta faru a wani gidan gas a Benin a watan Oktoban 2024, wadda aka danganta da tukunyar da aka haɗa ta da walda ba bisa ƙa’ida ba, ta isa gargaɗi ga mai neman araha a wannan fanni.

Ya kamata a tuna cewa ba haka ƙasar take ba tun asali. A 1975 aka buɗe masana’antar haɗa Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Legas, daga baya aka samu Steyr a Bauchi da masana’antar manyan motoci a Kano. Karyewar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta durƙusar da su, tokumbo ta cike gurbin. Manufar bunƙasa ƙera motoci ta 2013 ta ɗora haraji mai nauyi a kan motocin waje domin a kare masu haɗawa a gida, amma har yau bas ɗin da Innoson ke yi a Nnewi ko wadda ake haɗawa a Kaduna ba ta zo farashin da direban Bungudu zai taɓa ba. An tsaurara ƙofar shigowa, ba a buɗe ta gida ba.

A matakin jiha kuwa, abin da aka fi gani shi ne rabon motoci da babura a dandalin taro gab da zaɓe, inda kusanci da ɗan siyasa ke zaɓar mai rabo. Asusun da zai sayar wa ’yan ƙungiyar direbobi mota ba da ruwa ba, a biya daga balas, a juya kuɗin ga na gaba a layi, ba ya ba da hoto mai kyau a Facebook kamar jerin motoci da kyalle a goshi, amma shi ne zai iya sauya abin da ke tsaye a tasha. Tambayar da ta dace a yi wa duk mai rabo ita ce nawa aka mayar daga rabon baya, kuma ina jerin sunayen.

Wanda ya yanke shawarar sayarwa, akwai aiki ɗaya da ya rage masa. A jihar da jami’an tsaro ke kama motoci da zargin kai wa ’yan bindiga mai da abinci, motar da aka sayar da baki kawai tana nan da sunan mai ita na farko a rajista, kuma ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Sai a rubuta yarjejeniya mai kwanan wata da shaidu, a ajiye kwafin katin shaidar mai saye, a kuma je ofishin lasisi a canza sunan mallaka. Idan ’yan gwangwan ne suka saya domin yankawa, a cire lambar motar a riƙe ta tare da takardun.